Malam, Ashe Abin Maye Magani Ne?

A lokacin hutun Kirsimati wani saurayi, tsohon ɗan makarantarmu, ya zo gaishe mu a gida a nan Yelwa. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, sai ya zaro wayarsa daga aljihu ya ce, "Malam, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kun koya mana cewa kayan maye halaka ne. Ga shi kuwa na ji a labarai likitocin Turai suna ba masu ciwon damuwa abin da ke juya hankali, wai har suna warkewa. Ashe abin maye magani ne?"

Da fari mun zaci irin gardamar samari ce. Amma da muka dubi fuskarsa sai muka ga ba wasa ya kawo shi ba. Mahaifinsa masunci ne, ruwa ya ci shi a tafkin Kainji shekara 2 da suka wuce. Tun daga ran nan mahaifiyarsa ba ta koma daidai ba. Ta daina zuwa sujada, ta daina zuwa lambun albasarta, abinci sai an yi ta lallashinta, barci kuwa ya ƙaurace mata. An yi addu'a, an yi ta'aziyya, kwanakin makoki sun wuce, kowa ya koma harkarsa, ita kuwa tana nan zaune a bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya jiƙa 'ya'yan zaƙami kaɗan ya zuba mata a kunu, wai zai girgiza mata kai ta manta, tun da Turawa ma haka su ke yi. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in ba ta?"

Muka ce, "Kada ka ba ta, ɗana. Ka ba mu kwana kaɗan mu bincika wannan labari, sa'an nan mu zauna." Abin da muka samo shi ne mu ke so mu shimfiɗa a gabanku, ya ku masu karatu, gama mun san ba gidan yaron nan kaɗai ke da irin wannan nauyi ba.

Ciwon da ba ya nuna rauni

Kowane ɗan adam yana baƙin ciki, wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai baƙin cikin da ya kan zauna ya ƙi tashi. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa idan ya kai mako 2 ko fiye, kusan kullum, har ya hana mutum aikinsa. Mai shi ba ya jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa a da. Ga gajiya ba dalili, ga rashin barci ko barci fiye da kima, ga ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya riƙa tunanin gara ya mutu ya huta. A wurinmu sau da yawa ba ya cewa "ina baƙin ciki." Sai ya ce kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko zuciyarsa na faɗuwa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum wajen miliyan 280 ke fama da wannan ciwo a duniya. A wani ƙiyasi da ta fitar a 2017 ta ce a Nijeriya sun kai miliyan 7.

Ƙasar Yauri kuwa ta sha ɗaukar abin da ke karya zuciya. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, mutum fiye da 40,000 suka bar gidajensu, Gungawa suka bar tsibiran kakanninsu, ruwa ya rufe gonaki da kaburbura. Har yanzu akwai tsofaffin da ba sa iya ba da labarin sai da hawaye. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙasar Ngaski, gidaje da yawa suka shiga makoki rana ɗaya. Bayan mako 3, ran 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri, waɗansu sai da suka yi kusan shekara 2 kafin su dawo hannun iyayensu. An ƙidaya waɗanda suka mutu da waɗanda aka sace. Waɗanda zuciyarsu ta karye a cikin ɗaka, ba wanda ya ƙidaya su.

Akwai magungunan wannan ciwo a asibiti tun da daɗewa, suna kuwa taimakon mutane da yawa. Sai dai kusan mutum 1 cikin 3 ba sa samun cikakken sauƙi ko an canja musu magani. Domin irin waɗannan ne likitoci suka koma neman wata hanya.

Inda labarin ya faro

A 1938 wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, mai suna Albert Hofmann, ya haɗa wani sinadari da a ke kira LSD. Sai a watan Afrilu 1943 ya gane ƙarfinsa, sa'ad da ɗan ƙanƙane ya shiga jikinsa ya fara gane-gane. A 1955 kuma wani ma'aikacin banki na Amurka, Gordon Wasson, ya je wani ƙauye a kan duwatsun Meziko wurin wata tsohuwa mai maganin gargajiya, Maria Sabina, ya ci wata irin laimar kwaɗi da mutanenta ke amfani da ita a al'adarsu. Ya buga labarin a mujalla a 1957. A 1958 Hofmann ɗin nan ya ware sinadarin da ke cikin laimar, aka sa masa suna silosaibin.

Tsohuwar nan ba ta ji daɗin wannan suna da ta yi ba. Samari baƙi suka yi ta tururuwa zuwa ƙauyensu neman maye, 'yan sanda suka biyo baya, mutanen gari suka ɗora mata laifi, har aka ƙone gidanta. A Amurka ma haka abin ya zama. Sinadaran suka fita daga hannun likitoci suka shiga hannun 'yan shagali. Saboda haka Amurka ta haramta su a dokar 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta yi yarjejeniyar hana su a 1971. Bincike ya kusa tsayawa cik har wajen shekara 30.

Gwajin da aka yi a ɗakin sujada

Akwai wani gwaji na zamanin nan da ya kamata masu bi su sani. A ranar Jumma'a Mai Kyau ta 1962, ranar tunawa da mutuwar Ubangijinmu, wani likita mai karatun tauhidi, Walter Pahnke, ya tara ɗaliban makarantar fastoci su 20 a ƙaramin ɗakin sujada da ke ƙarƙashin majami'ar Jami'ar Boston. Ya ba 10 silosaibin, ya ba sauran 10 wata ƙwaya dabam, suna sauraron wa'azin da a ke yi a sama. Yawancin waɗanda suka sha silosaibin suka ce sun ji wani abu mai zurfi irin na ruhaniya wanda ba su taɓa ji ba. Labari ya bazu ko'ina.

Amma akwai abin da ba a faɗa ba a rahoton farko. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ruɗe, ya fita titi da gudu yana ganin an aiko shi da saƙo ga duniya, sai da aka kamo shi aka yi masa allurar kwantar da hankali. Wannan bai fito fili ba sai a 1991, da wani mai bincike ya bi sawun mutanen ya yi hira da su. Darasi biyu mu ke gani a nan. Na ɗaya, labarin sabon magani ya kan riga gaskiyarsa isa kasuwa. Na biyu, abin da ƙwaya ta sa mutum ya ji, kome daɗinsa, ba shi ne ma'aunin bangaskiya ba. Ba a sayen salama da Allah a kanti.

Yadda a ke gwajin a yau

A 2006 Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, a ƙarƙashin wani malami mai suna Roland Griffiths, ta buga sakamakon sabon bincike a kan silosaibin, ƙofa ta sake buɗewa. Amma yadda su ke aikin ya bambanta ƙwarai da abin da abokin yaron nan ke zato.

Da fari a kan tace mutane. Duk wanda ya taɓa samun taɓin hankali, ko akwai shi a cikin danginsa na kusa, ba a ɗaukarsa, gama maganin yana iya tayar da ciwon. Haka kuma mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani. A cikin masu neman shiga, kaɗan ne a ke karɓa. Wanda aka karɓa a kan zauna da shi sau da dama kafin ranar, a ji tarihinsa, a gaya masa abin da zai iya gani, har ya saba da masu kula da shi. Maganin kuwa ba daga jeji a ke tsinko shi ba. A ɗakin haɗa magunguna a ke yinsa, a auna shi da miligiram, yawanci 25.

Ran da za a ba shi, ya kan kwanta a ɗaki mai natsuwa, a rufe masa ido, a sa masa kiɗa mai taushi. Mutum 2 da aka horar suna zaune kusa da shi awa 6 zuwa 8, ba sa barinsa shi kaɗai, likita kuma yana kusa ana duba bugun jininsa. In tsoro ya kama shi, akwai mai riƙe masa hannu. Kashegari da makonnin da ke biye a kan sake zama da shi a tattauna abin da ya gani da abin da zai gyara a zamansa. Sau 1 ko 2 ko 3 a ke ba da maganin, ba kullum ba, ba a kuma ba kowa ya tafi da shi gida.

Ta yaya ya ke aiki? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai kai saƙo da a ke kira serotonin. Silosaibin ya yi kama da shi, ya kan zauna a mazauninsa. Masu bincike suna zaton tunanin mai ciwon damuwa ya kan zama kamar amalanken da ƙafarsa ta faɗa cikin tsohon kwari a hanya, kullum nan ta ke bi: "laifina ne, ba ni da amfani, ba abin da zai canja." Maganin ya kan sassauta wannan na ɗan lokaci. A cikin wannan ɗan lokaci ne masu kula da shi ke taimakonsa ya hau sabuwar hanya.

Abin da lissafi ya nuna

A 2016 aka buga gwaji biyu a kan masu ciwon daji waɗanda tsoron mutuwa da baƙin ciki suka danne, mutum 51 a Johns Hopkins, mutum 29 a Jami'ar New York. A Johns Hopkins wajen kashi 80 cikin 100 suna nan da sauƙi bayan wata 6. Wannan ya sa duniya ta juyo. Amma mutanen kaɗan ne.

A 2021 likitocin Imperial College a London suka gwada silosaibin da wani sanannen maganin damuwa na asibiti a kan mutum 59 har mako 6. A babban ma'aunin da suka sa tun farko, ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba tsakanin biyun.

A watan Nuwamba 2022 aka buga gwajin da ya fi waɗancan girma, mutum 233 a ƙasashe 10, dukansu waɗanda magungunan da aka saba suka kāsa. Bayan mako 3, kashi 29 cikin 100 na waɗanda aka ba miligiram 25 ciwon ya sake su, a cikin waɗanda aka ba miligiram 1 kuwa kashi 8 ne. Da aka kai mako 12, kashi 20 cikin 100 ne sauƙinsu ya dawwama, a ɗaya rukunin kuwa kashi 10. Mutum 179 cikin 233 ɗin sun yi kukan wata wahala, kamar ciwon kai, tashin zuciya da jiri. Waɗansu kaɗan kuma tunanin kashe kai ya taso musu ko ya ƙaru. A Yuni 2025 kamfanin da ke wannan aiki ya sanar da sakamakon wani gwajin na mutum 258. Waɗanda suka sha maganin sun fi waɗanda suka sha ƙwayar da ba kome a ciki sauƙi da maki 3.6, a ma'aunin da ke da maki 60.

Mu duba da kyau. Ga wanda ya yi shekaru yana shan magani ba sauƙi, wannan abin godiya ne. Amma ko a hannun gwanaye, da dukan tacewa da kulawar nan, mutum 4 cikin 5 ba su sami sauƙi mai dawwama ba a gwajin 2022. Akwai kuma wata matsala da masu binciken kansu suka yarda da ita. A gwajin magani na ƙwarai bai kamata mutum ya san ko maganin gaske aka ba shi ko ƙwayar wofi ba. A nan kuwa wanda ya sha ya sani, wanda bai sha ba ma ya sani. Wanda ya ga ya samu sai murna, wanda ya ga bai samu ba sai ya karai, wannan kuwa yana iya karkatar da lissafi.

Shi ya sa hukumomi ba su yi baki ɗaya ba. Ƙasar Ostareliya ta yarda tun 1 ga Yuli 2023 waɗansu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa su ba da silosaibin ga wanda sauran magunguna suka kāsa, kuɗin kuwa dubban daloli ne. A Amurka kuwa, a watan Agusta 2024, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙi amincewa da wani sinadarin, MDMA, wanda aka gwada a kan masu fama da firgita bayan yaƙi ko wani bala'i. Ta ce a sake gwaji. A Nijeriya dokar hana miyagun ƙwayoyi ta haramta LSD da ire-irensa. Duk wanda ya ce zai sayar muku da "maganin Turawan nan" a tasha ko ta waya, ku sani mai laifi ne, ba ku kuma san abin da ya ƙunsa muku ba.

Zaƙami ba ɗan'uwansu ba ne

Yanzu mu dawo kan shawarar abokin yaron nan. Kallon kitse ya yi wa rogo. Zaƙami, wanda kakanninmu suka laƙaba wa suna haukata-yaro, ba ya cikin abubuwan da a ke gwadawa, aikinsa a jiki ma dabam ne. Dafin da ke cikinsa ya kan toshe wata hanyar saƙo ta jijiyoyi. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ƙi fita. Mutum ya ruɗe, ya yi ta magana da waɗanda ba sa nan, bai san inda ya ke ba, wani lokaci har kwana 2 ko 3. In ya farfaɗo ba ya tuna kome, balle ya koyi wani abu. Ƙarfin dafin kuma ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, ba mai iya auna shi da ido. Abin da ya bugar da wani jiya yana iya kashe wani yau. A bakin ruwa irin namu kuwa, ruɗaɗɗen mutum da tafki ba su da nisa.

Ko saiwar iboga ta ƙasar Gabon, wadda masu binciken Jami'ar Stanford suka ba da rahoto a kanta a 2024 bayan an gwada sinadarinta a kan tsofaffin sojoji 30, sai da na'urar duba zuciya a ke ba da ita, gama tana iya tsayar da zuciya, ta kuwa kashe mutane.

To, mene ne ya raba magani da maye? Ga misali kusa da mu. Ketamin allura ce da asibitocinmu ke sa mutum barci da ita in za a yi masa aiki. A 2019 Amurka ta amince da wani irinta da a ke fesawa a hanci domin ciwon damuwa mai taurin kai, amma a asibiti kaɗai, a kuma tsare mutum awa 2 ana dubansa. Wannan ketamin ɗin kuma ita ce waɗansu ke sha a ɓoye ta lalatar da su. Abu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne wane ne ya bayar, nawa aka auna, don me aka sha, wa ke zaune kusa. Littafi Mai Tsarki bai hana magani ba, Luka ma likita ne. Abin da ya gargaɗe mu a kai shi ne buguwa, watau mutum ya miƙa hankalinsa ga abin da zai mallake shi. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun taɓa miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Kada mu bari labarin Turai ya zama sabuwar hujja a bakin 'ya'yanmu.

Abin da ke hannunmu

Da muka gama karatun nan, abu ɗaya ya tsaya mana a rai. A dukan gwaje-gwajen nan ba a taɓa ba mutum ƙwaya a ce ya tafi ba. An saurare shi kafin, an zauna da shi a lokacin, an koma wurinsa bayan. Ƙwayar ba ta iso gare mu ba, amma zaman nan ba sai an kawo mana shi daga Turai ba.

Ɗan ƙasarmu ne ma ya nuna wa duniya wannan. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu ciwon hankali, sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana. A ƙasar Zimbabuwe kuma Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taimakonsu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. A gwajin da aka buga a 2016 a kan mutum 573, bayan wata 6 wajen kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon, a cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kusan rabi. Zama 6 ne kawai aka tsara wa kowa. Ashe zumuntar mata ba za ta iya koyon wannan ba?

Mu tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Mutumin Allah ne, amma ya kai inda ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa a kan ƙarancin bangaskiya ba. Ya bar shi ya yi barci, ya ciyar da shi har sau biyu, ya saurari kukansa, sa'an nan ya ba shi aiki da abokin tafiya. Abokan Ayuba ma sun yi daidai a kwana 7 da suka zauna tare da shi shiru. Sai da suka buɗe baki suna neman laifinsa suka ɓata. Ciwon damuwa ba zunubi ba ne, ba kuwa alamar Allah ya yashe mutum ba ce.

Saboda haka ga shawararmu ga gidajen masu bi. In wani naku ya yi mako 2 ko fiye a irin halin da muka bayyana, ku kai shi asibiti, ku faɗa wa likita dukan abin da ku ke gani, ba ciwon kai kaɗai ba. Akwai magungunan damuwa masu sauƙin kuɗi, amma ba sa aiki dare ɗaya. Su kan ɗauki mako 2 zuwa 6, a kan kuma ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Kada a daina sai da izinin likita. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma na Barnawa a Kaduna. Tafiya ce mai nisa, likitocin ƙwaƙwalwa kuma kaɗan ne, a 2023 ba su kai 300 ba a ƙasar duka. Ikilisiya tana iya taimakawa da kuɗin mota da ɗan rakiya. Kada a ɗaure mai ciwo da mari, kada a doke shi da sunan fitar da aljani. Dokar lafiyar hankali da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tsare mutuncinsa. In kuwa ya fara zancen mutuwa, kada ku ce wasa ya ke yi. Ku tambaye shi a fili, ku kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga gidan, kada ku bar shi shi kaɗai, ku kai shi asibiti a ranar.

Da yaron nan ya dawo muka zauna muka gaya masa duk wannan. Ya yi shiru, can ya ce, "To, Malam, ni ɗaya ba zan iya ba." Muka ce ai ba shi ɗaya ba ne. Muka tafi tare wurin fasto da shugabar zumuntar mata. Mata 4 suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranarta. Ba wa'azi su ke zuwa yi ba. Su kan zo da aikin hannunsu su zauna, in ta yi magana su saurara, in ta yi kuka su bar ta ta yi, kafin su tashi su yi addu'a gajeriya. Ƙanen mijinta ya raka ta asibiti aka rubuta mata magani. A mako na 3 ta fara ambaton sunan mijinta, abin da ba ta yi ba tun ranar jana'iza. A wata na 2 ta bi ɗaya daga cikin matan zuwa lambu. Ba ta warke sarai ba tukuna, akwai ranakun da ta kan koma bakin ƙofa. Amma tana cin abinci, ranar Lahadin da ta wuce kuma mun gan ta a layin baya a sujada.

Muna roƙonku ku sa ta cikin addu'a, ita da ɗanta. Ku yi addu'a kuma domin masu binciken nan, Allah ya ba su gaskiya da haƙuri, in akwai alheri a cikin aikinsu ya iso har wurin talakawa. Sa'an nan kowa ya duba unguwarsu da ikilisiyarsu. Wane ne ya daina zuwa sujada ba mu tambayi dalili ba? A je a gaishe shi cikin makon nan.